Curtis LeMay: Janar ɗin da Ya Ƙone Tokyo

A watan Disamba na 1964 gwamnatin Japan ta ba wani janar na sojin saman Amurka ɗaya daga cikin manyan lambobin girmamawa da take da su, wato lambar Fitowar Rana mai daraja ta ɗaya. Dalilin da aka bayar shi ne ya taimaka wajen kafa sabuwar rundunar sojin saman ƙasar bayan yaƙi. Sunansa Curtis LeMay. A lokacin akwai dubban mutane a birnin Tokyo da ke yawo da tabon ƙuna a jikinsu, mutanen da suka rasa iyaye da 'ya'ya a dare ɗaya shekara 19 kafin nan, kuma sun san wanda ya ba da umarnin kunna wutar. Shi ne wannan janar ɗin. An yi ta ce-ce-ku-ce a ƙasar, Sarki Hirohito kuma bai miƙa lambar da hannunsa ba.

Na daɗe ina juya tarihin mutumin nan a raina. Masu ƙaunarsa suna cewa Amurka ba ta taɓa yin kwamandan sama kamarsa ba, kuma gaskiya suka faɗa. Masu ƙinsa suna kiransa mahauci, su ma hujjarsu tana da nauyi. Abin da na lura da shi a cikin shekaru fiye da 35 da ya yi cikin kaki shi ne, in ka ba shi aiki sai ya ga bayansa, ko da kuwa kowa ya ce ba zai yiwu ba. Tambayar ko aikin ya halatta kuwa, wannan ya bar wa na sama da shi. Saboda haka tarihinsa ya rataya ne a kan ko an riƙe masa linzami ko an sakar masa.

An haife shi ranar 15 ga Nuwamba, 1906, a birnin Columbus na jihar Ohio. Gidansu ba masu hali ba ne. Mahaifinsa ba ya daɗewa a aiki ɗaya, yau suna wannan gari gobe suna wancan, sai nauyin gida ya faɗo kan babban ɗa tun yana yaro. Da ya shiga Jami'ar Jihar Ohio yana karatun injiniya, da dare a masana'antar narka ƙarfe yake kwana yana aiki, da safe ya shiga aji da barci a idonsa. A 1928 ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgin soja. Ya fara da ƙananan jiragen farauta, sannan a 1937 aka mai da shi sashen manyan jirage masu jefa bama-bamai, a daidai lokacin da sabon jirgin nan mai inji huɗu, B-17, ya shigo hannun sojin Amurka. A nan ya yi suna a matsayin mai nuna wa jirgi hanya. A watan Mayu na 1938 ya nuna wa jirage uku hanya cikin hadari da ruwan sama suka gano wani jirgin ruwan Italiya mai suna Rex a tsakiyar Tekun Atilantika, fiye da kilomita 1,000 daga gaɓa, da taswira da agogo da lissafi kawai. Sojin ruwa ba su ji daɗin abin ba, don ya nuna jirgin sama zai iya yin aikin da suke ganin nasu ne.

Mutum ne marar yawan magana. Wata cuta ta shanye masa ɓarin fuska, ba ya iya murmushi sosai, kullum da lofe ko ƙatuwar taba a gefen bakinsa. Yaransa suna tsoronsa kafin su san shi, in sun san shi kuma sai su riƙa gunaguni a kan yawan atisayen da yake sa su.

A watan Oktoba na 1942 ya isa Ingila yana kanar, da rukunin jirage na 305, matuƙansa yara ne sababbin fitowa, da yawansu ba su taɓa tashi a jere da wasu jirage ba. Ya tarar da wata magana da kowa ya yarda da ita a sansanonin Amurka: duk jirgin da ya miƙe sak na 'yan daƙiƙoƙi a kan wurin da zai kai wa hari, igwar Jamus za ta kakkaɓo shi. Saboda haka matuƙa suna ta kauce-kauce a sama, bama-bamai kuma suna zuba a gonaki. LeMay ya ga wannan asara ce biyu, a rasa mutane kuma a koma gobe a sake kai hari wuri ɗaya. Sai ya ɗauko wani tsohon littafin koyon harba igwa da ya rage masa tun yana ɗalibi, ya zauna da fensir ya yi lissafi, ya gano sai igwa ta harba ɗaruruwan harsasai kafin ɗaya ya sami jirgin da ke can ƙololuwa, ko ya miƙe ko ya kauce. Ranar 23 ga Nuwamba, 1942, a harin tashar jiragen ruwa ta Saint-Nazaire a Faransa, ya gaya wa yaransa za su miƙe sak har su sauke kayansu, kuma shi ne zai shiga jirgin gaba. Suka miƙe na tsawon mintoci bakwai. Igwa ba ta kakkaɓo ko ɗaya daga cikin jiragensa ba, bama-bamansu kuma suka fi na kowane rukuni faɗawa inda ake so. Ba a daɗe ba dukkan rundunar ta koma yin haka. Shi ne kuma ya tsara yadda jirage za su jeru a sama hawa-hawa, bindigogin wannan suna kare wancan.

Wannan hali na shiga gaba da kansa shi ya sa yaransa suka yafe masa tsananinsa. Ranar 17 ga Agusta, 1943, ya ja jirage 146 zuwa Regensburg, can cikin Jamus, inda ake ƙera jiragen Messerschmitt. An tsara wata runduna ta biyu ta bi bayansa nan take zuwa Schweinfurt don a raba hankalin Jamusawa. Da asuba hazo ya rufe Ingila. Yaran LeMay, da ya sha wahalar da su da koyon tashi ba tare da ganin ƙasa ba, suka tashi. Ɗaya rundunar ta yi jinkirin sa'o'i, sai Jamusawa suka sami sukunin dukan ta farko, su sauka su sha mai, su koma su tare ta biyu. LeMay ya rasa jirage 24, ya ƙetare tsaunukan Alps da sauran ya sauka a Arewacin Afirka. Jimillar asarar ranar jirage 60 ce, kowanne da mutum goma. A watan Maris na 1944 aka ba shi Manjo Janar yana da shekara 37.

A watan Agusta na wannan shekara aka tura shi Indiya. A nan tarihinsa ya ɗan gogi namu, domin a daidai lokacin kakanninmu 'yan yaƙin Bama, na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suna wannan fage suna fama da abokin gaba ɗaya, su a ƙasa cikin daji da ruwan sama, shi a sama. An ba shi sabon jirgi, B-29, wanda ƙera shi ya ci kuɗi fiye da abin da aka kashe wajen haɗa bam ɗin nukiliya. Amma aikin bai yi armashi ba. Jiragen suna zaune a Indiya, sai sun je Chengdu a ƙasar Sin su sha mai kafin su kai Japan, man kuma sai an yi ta jigilarsa ta sama a kan tsaunukan Himalaya, sawu bayan sawu, kafin a tara na hari ɗaya. A watan Disamba ya gwada bama-bamai masu kunna wuta a kan Hankow, birnin Sin da ke hannun Japan, ya ga yadda gobara ta yi kwanaki tana ci. Bai manta ba.

A watan Janairu na 1945 aka mai da shi tsibiran Mariana, wato Guam da Saipan da Tinian, ya karɓi ragama daga Janar Haywood Hansell. Hansell yana cikin waɗanda suka yi imani da cewa jirgin sama zai iya rage zubar da jini a yaƙi, ta hanyar dukan masana'anta daga nesa da rana tsaka a bar gidajen mutane. A Japan wannan aƙida ta ci karo da abin da ba a zata ba. A can sama inda B-29 ke tashi akwai wata iska mai gudun fiye da kilomita 300 a sa'a. In jirgi ya bi ta, ya wuce wurin kafin ya saita, in ya fuskance ta kuma ya tsaya cak kamar shaho, igwa ta same shi. Ga gajimare kusan kullum. An kai wa masana'antar injin jirage ta Nakajima da ke gefen Tokyo hari sau da dama, tana nan tana aiki. Janar Henry Arnold, shugaban sojin sama a Washington, ya ƙosa. Aka cire Hansell, aka nuna wa LeMay cewa in bai kawo sakamako ba shi ma zai bi sahu.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: ba LeMay ne ya ƙirƙiro tunanin ƙone biranen Japan ba. Tun 1942 masana a Jami'ar Harvard suka haɗa napalm, wani man fetur mai kauri da ke manne wa abin da ya taɓa yana ci. A 1943 sojin Amurka suka gina gidaje irin na Japan a hamadar Utah, da katako da takarda da tabarmi, suka yi ta ƙone su suna sake ginawa, don su gano wane bam ya fi ci. An riga an tanadi ashana da makamashi. Abin da LeMay ya kawo shi ne dabarar da za ta sa wutar ta kama.

Ya yanke shawara shi kaɗai. Jirage za su tashi da dare, ɗaya bayan ɗaya, ba a jere ba. Za su sauko ƙasa ƙasa, tsakanin mita 1,500 zuwa 2,800, ƙarƙashin waccan iska, inda ya lissafa cewa manyan igwogin Japan ba za su iya bin su da sauri ba, ƙananan kuma ba za su kai ba. Ya sa a cire yawancin bindigogi da harsasai don kowane jirgi ya ƙara ɗaukar bam. Da aka karanta wa matuƙa tsarin, da yawa suka ɗauka an aika su lahira ne. Shi kansa an hana shi tafiya, domin an riga an sanar da shi sirrin bam ɗin nukiliya kuma ba a so ya faɗa hannun abokan gaba. Birgediya Janar Thomas Power ne ya ja su.

Da yammacin 9 ga Maris, 1945, jirage fiye da 300 suka tashi. Jim kaɗan bayan tsakar dare na farko suka isa Tokyo suka shata alama da wuta, sauran suka bi haske. Jirage 279 ne suka sauke kayansu, kusan tan 1,665. Yankin da aka zaɓa shi ne gabashin birnin, gefen kogin Sumida, unguwannin talakawa da masu sana'ar hannu, inda gidajen katako ke manne da juna kuma cunkoson jama'a yana cikin mafi yawa a duniya. Akwai iska mai ƙarfi a daren. Cikin ɗan lokaci gobarar ta haɗe ta zama bango ɗaya mai tafiya, ta fi mai gudu sauri. Hukuma ta riga ta koya wa mutane su tsaya su kashe wuta da bokiti da yashi, waɗanda suka bi umarnin su suka fara mutuwa. Iyaye mata suna gudu da goyo, ba su san zanen goyon ya kama ba. Jama'a suka yi dafifi a kan gadoji, wuta ta same su daga gaba da baya. Waɗanda suka faɗa kogi, sanyin ƙarshen hunturu da turmutsitsi suka cinye su, waɗanda suka shiga ƙananan magudanan ruwa da tafkunan makarantu kuma ruwan ya yi zafin da ba a rayuwa a cikinsa. Matuƙan da suka zo daga baya sun ba da labarin yadda zafin ke wurgi da jirginsu sama, da yadda ƙaurin naman mutane ya shigo musu har cikin jirgi.

Kafin gari ya waye kusan murabba'in kilomita 41 na birnin ya zama toka. Gidaje fiye da 260,000 sun ƙone, mutum kusan miliyan ɗaya sun rasa matsuguni. 'Yan sandan Tokyo sun ƙirga gawa fiye da 83,000, yawancin masana tarihi kuma suna sa adadin a kusan 100,000. Wannan ya fi waɗanda bam ɗin nukiliya ya kashe nan take a Nagasaki. Amurka ta rasa jirage 14. Arnold ya aiko da saƙon taya murna.

Cikin kwana goma aka bi da Nagoya da Osaka da Kobe, ba a tsaya ba sai da bama-baman wuta suka ƙare a ma'ajiya. Da aka kawo wasu aka ci gaba, har birane fiye da 60 suka sha wuta kafin Agusta. A gefe guda jiragensa suka riƙa zuba nakiyoyi a mashigin tashoshin ruwan Japan, aikin da bai so ba da farko amma ya yi shi da kyau, har jigilar abinci da mai ta kusa tsayawa. Jiragen da suka jefa nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta da Nagasaki ranar 9 ga wata daga Tinian suka tashi. Ranar 2 ga Satumba yana tsaye a kan jirgin ruwan Missouri ana sa hannu a takardar miƙa wuyan Japan. Makonni kaɗan bayan haka ya gaya wa 'yan jarida cewa ko ba nukiliya yaƙin ya riga ya zo ƙarshe.

Hujjarsa ba ta taɓa canjawa ba har ya mutu. Ya ce masana'antun Japan sun dogara da ƙananan injuna da ke cikin gidajen mutane, don haka unguwa ma masana'anta ce. Ya ce yaƙi duk mugunta ne, mafi jinƙai shi ne a gama shi da sauri, kuma da an shiga Japan da sojan ƙasa da an yi asarar da ta ninka wannan. Ba zan ce babu komai a cikin maganar ba. Sojin Japan sun yi ta'asa a birnin Nanjing na ƙasar Sin, sun yi shekaru suna ruwan bama-bamai a kan fararen hula a Chongqing, shugabanninsu kuma sun ga tokar Tokyo da idonsu suka ci gaba da yaƙi har wata biyar. Amma ni ban karɓi hujjar ba. Mu da muka tashi muna jin wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, wadda ta hana taɓa mace da yaro da tsoho, mun san an daɗe da shata wa yaƙi iyaka. Laifin sojan Japan a Nanjing ba ya hawa kan jaririn da ke goye a unguwar Asakusa ta Tokyo. LeMay da kansa ya san haka, domin ya faɗa daga baya cewa da Amurka ce ta sha kashi, da an gurfanar da shi a matsayin mai laifin yaƙi. Robert McNamara, wanda a lokacin hafsa ne mai yi wa rundunar lissafin hare-hare, ya tabbatar da wannan magana a tsufansa, ya kuma sa kansa a ciki.

Bayan yaƙi, a 1947, sojin sama suka zama runduna mai cin gashin kanta, aka tura LeMay Jamus ya shugabanci jiragen Amurka a Turai. A watan Yuni na 1948 Tarayyar Sobiyet ta toshe duk hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa zuwa yammacin Barlin, inda mutum fiye da miliyan biyu ke zaune. Janar Lucius Clay, gwamnan sojan Amurka a Jamus, ya tambaye shi ko jiragensa za su iya ɗaukar kwal. Ya ce za su ɗauki komai. Cikin kwana biyu jigila ta fara, da fulawa da madara da magani da kwal, ya kuma yi ta kiran a turo masa manyan jiragen C-54 daga ko'ina a duniya. Da aka ga aikin zai daɗe, aka kawo Janar William Tunner, gwanin jigila, ya karɓa. Kafin a rufe aikin a 1949 an sauke fiye da tan miliyan biyu. Hannun da ya ƙone birni shi ya fara ciyar da wani birnin, kuma a wajensa duka biyun lissafin tan da sawu ne.

A watan Oktoba na 1948 aka ba shi rundunar da ke riƙe da makaman nukiliyar Amurka, wadda ake kira SAC, kuma jim kaɗan bayan haka hedikwatarta ta koma kusa da Omaha a jihar Nebraska. Ya tarar da ita a sukurkuce. Don ya nuna musu halin da suke ciki, a farkon 1949 ya umarci dukkan rundunar ta kai harin gwaji a kan birnin Dayton da dare, daga can sama, kamar a yaƙin gaske. Ko jirgi ɗaya bai cika aikin yadda aka tsara ba. Daga nan ya shiga gyara. Aƙidarsa ita ce ba a fafe gora ranar tafiya: yaƙin nukiliya ba zai ba kowa lokacin shiri ba, don haka dole rundunar ta zauna kamar yau za a fara. Yakan sauka a sansani ba sanarwa ya ce a tashi, kwamandan da ya gaza a cire shi nan take. Ma'aikatan jirgin da suka yi fice a ƙara musu girma a take, in sun yi sanyi a karɓe. Ya kuma yi faɗa a kan gidajen kwanan ƙananan sojoji da albashinsu, don ya san ba a riƙe ƙwararre da yunwa. A 1951 ya zama cikakken janar mai tauraro huɗu yana da shekara 44. A shekaru tara da ya yi a wurin rundunar ta koma jiragen B-47 da B-52, ta koyi shan mai a sararin sama, ta kai mutum fiye da 200,000. A tsakiyar wannan ne aka yi yaƙin Koriya, inda jiragen B-29 suka maimaita aikin Japan, shi da bakinsa kuma ya ce sun ƙone kusan kowane gari a Koriya ta Arewa.

Masu kare shi suna cewa tsoron wannan runduna ne ya hana Yaƙin Duniya na Uku. Wataƙila haka ne. Sai dai tsarin yaƙin da ya gina shi ne a juye komai a kan Sobiyet a bugu ɗaya, kuma bai ɓoye ra'ayinsa ba cewa wanda ya fara bugu shi ke da nasara.

A 1961 Shugaba John Kennedy ya naɗa shi babban hafsan sojin sama. Ministan tsaro a lokacin shi ne McNamara, yaronsa na da. Ba su jitu ba ko kaɗan. LeMay yana son sabon jirgin B-70, McNamara ya ce makamai masu linzami sun fi arha, ya soke shi. Amma babban karon ya zo a watan Oktoba na 1962, da jirgin leƙen asiri na U-2 ya ɗauko hotunan makaman nukiliyar Sobiyet a Kyuba, kilomita 145 kacal daga Florida. Ranar 19 ga wata Kennedy ya tara manyan hafsoshinsa, yana naɗar maganar a asirce, don haka muna da abin da aka faɗa. LeMay ya nemi a kai hari nan take. Ya ce Rasha ba za ta yi komai ba. Ya ce killace tsibirin da jiragen ruwa, wanda shugaban ke son yi, bai da maraba da lallashin da aka yi wa Hitler a Munich a 1938. Wannan magana da gayya ce, domin kowa a ɗakin ya san mahaifin Kennedy, lokacin yana jakada a Landan, yana cikin masu goyon bayan wancan lallashi. Janar ne mai shekara 55 yake gaya wa shugaba mai shekara 45 cewa shi matsoraci ne ɗan matsoraci.

Kennedy ya haɗiye, ya ƙi. Ya killace tsibirin, ya bar ƙofar magana a buɗe. Ko da aka harbo wani U-2 ranar 27 ga wata matuƙinsa ya mutu, bai rama ba. Washegari shugaban Sobiyet Khrushchev ya sanar zai kwashe makamansa, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, a asirce kuma ta yarda ta janye nata makaman daga Turkiyya. Duniya ta yi ajiyar zuciya, LeMay kuwa ya kira abin babbar faɗuwa a tarihin ƙasarsa. Sai bayan kusan shekara 30, a wani taro a Havana a 1992, aka bayyana cewa sojojin Sobiyet a tsibirin sun haura 40,000, ninkin abin da Amurka ta zata sau da dama, kuma suna da ƙananan makaman nukiliya na fagen fama da Amurka ba ta san da su ba. Da an bi shawararsa, da sojojin da za su sauka a gaɓar Kyuba da su za a tarbe su. Mutumin da lissafinsa ya yi daidai a Saint-Nazaire da Tokyo, a nan ya yi lissafi da adadin da ba shi ne ba, kuma da tabbaci iri ɗaya ya yi magana. Abu ɗaya zan yaba masa: da aka ce a'a, ya yi gunaguni amma ya bi umarni.

Ya yi ritaya a farkon 1965, bayan ya gaji da neman a yi wa Biyetnam ta Arewa ruwan wuta ba kakkautawa. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a shekarar, wanda marubuci MacKinlay Kantor ya taya shi rubutawa, akwai jimlar da ta yi barazanar mai da ƙasar zamanin da mutane ke sassaƙa dutse. Ya yi ta cewa ba a fahimce shi ba, amma jimlar ta bi shi har kabari.

Sai kuma kuskuren 1968. George Wallace, tsohon gwamnan Alabama da ya yi suna wajen kare wariyar launin fata, ya fito takarar shugaban ƙasa a wata jam'iyya ta uku, LeMay ya yarda ya zama mataimakinsa. Abin ya ba mutane mamaki, don a aikin soja an san shi da goyon bayan haɗa baƙi da farare a runduna ɗaya. Shi dai ya ce tsoronsa kada Amurka ta yi sanyi a gaban Sobiyet. A taron 'yan jarida na farko a Pittsburgh, ranar 3 ga Oktoba, aka tambaye shi batun nukiliya, sai ya shiga bayanin cewa mutane sun cika tsoron makamin, Wallace yana gefe yana neman yadda zai katse shi. Farin jinin takarar ya ragu. Sun sami kusan kashi 13.5 cikin ɗari na ƙuri'u da jihohi biyar na kudu. LeMay ya rasa aikin da yake yi a wani kamfanin kayan lantarki a California, tsofaffin abokai da yawa suka ja baya, ya koma gida ya yi shiru na shekara 22.

Ya rasu ranar 1 ga Oktoba, 1990, yana da shekara 83, kwana biyu kafin Jamus ta sake haɗewa, Barlin ɗin da ya fara ciyarwa ta zama birni ɗaya. An binne shi a makabartar Kwalejin Sojin Sama a Colorado Springs. Hukuncina a kansa shi ne, gwani ne da ba a yi kamarsa ba a sana'arsa, kuma abin da ya yi a daren 10 ga Maris laifi ne, shi da waɗanda suka tanadar masa napalm suka kuma tafa masa. A Tokyo, tokar mamata fiye da 100,000 na hare-haren sama tana ajiye a wani ɗakin tunawa a dandalin Yokoamicho, inda ake taruwa kowace ranar 10 ga Maris. Waɗanda suka tsira sun kai gwamnatinsu ƙara a 2007 suna neman diyya irin wadda aka ba tsofaffin sojoji, kotun ƙoli ta kori ƙarar a 2013.